Wuyar ƙuruciya tana bin yaro har girmansa

Jama'a masu karatu, ku tuna da shekarar 2005. Damanar 2004 ta ɗauke da wuri, fara ta cinye abin da ya rage, rumbuna suka ƙare tun kafin bazara a jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa. A wannan shekara ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara fiye da dubu 60 masu tamowa mai tsanani a ƙasarmu. Waɗanda suka rayu cikinsu yau sun kai shekara ashirin ko sun haura. Su ne samarin da ke tafiya bida, su ne ƴan matan da muka kai ɗakin miji, wasu kuma suna zaune a azuzuwanmu na yaƙi da jahilci.

Mun saba cewa yaro ba ya riƙe abu, gobe ya manta. Amma jiki magayi. Ƙwaƙwalwar yaro tana ginuwa ne cikin shekarunsa na farko, kamar ginin ƙasa da bai bushe ba. Idan ya tsorata, jikinsa yana sakin wani sinadari da ke shirya shi ga gudu ko faɗa. Idan uwa ta ɗauke shi ta lallashe shi, sinadarin ya sauka. Idan kuwa tsoron na kullum ne, babu mai lallashi, jiki ya saba zama cikin fargaba ko da babu abin tsoro.

Kuma yunwa ba ita kaɗai ce wuya ba. Akwai duka da zagi na kowace safiya. Akwai yaron da aka saki uwarsa, aka bar shi hannun wadda ba ta son ganinsa. Akwai ɗan shekara shida da aka tura gari mai nisa da ƙoƙon bara. A Amurka an yi wa manya fiye da dubu 17 tambayoyi kan ƙuruciyarsu, aka fara bayyana sakamakon a 1998: waɗanda suka gamu da irin wuya huɗu ko fiye sun ninka sauran sau da yawa wajen ciwon baƙin ciki, shaye-shaye da yunƙurin kashe kai. Hukumar lafiya ta duniya ta ce rabin cututtukan hankali suna somawa ne daga shekara 14 zuwa ƙasa, sai dai ba a lura.

Ana lura ne lokacin da nauyi ya hau: aure, haihuwar fari, neman na abinci. Saurayi ya kasa barci, ya riƙa fushi kan abin da bai kai ya kawo ba, ya koma ga tramol. Amarya ta daina magana, ta daina cin abinci, tana kuka ba dalili. Sai mu ce iska ne, ko lalaci, ko rashin kunya. Mu kanmu malamai mun sha tsawata wa irin waɗannan a aji, ba mu tambayi inda suka fito ba.

Kada a ɗauka duk wanda ya sha wuya zai lalace. Da yawa sun tashi lafiya. A Jamaika, cikin 1986 da 1987, an zaɓi yara ƙanana da rashin abinci ya tsumburar. Kowane mako, har shekara biyu, ma'aikaciyar lafiya tana zuwa gida ta nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa hira, ta yabe shi, da kayan wasa na haɗin gida. Da yaran suka girma, fargaba da baƙin ciki sun yi ƙaranci gare su, kuma bayan shekara ashirin samunsu ya ɗara na sauran da kashi 25 cikin ɗari. Gwangwani, ƙwarya da kara, duk muna da su. Kaka mai tatsuniya ma muna da ita.

Wanda ya riga ya girma fa? A zauna da shi a keɓe, a saurare shi ba tare da gori ba. Idan rashin barci da baƙin ciki sun wuce mako biyu, a raka shi gidan likita, a faɗa wa ma'aikacin lafiya komi, har da ƙwayar da yake sha. Addu'a ba ta hana magani. Idan ya ambaci kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da igiya da maganin ƙwari na gona, a kai shi a ranar. Babban asibitin ƙasa na Yamai yana da sashen da ke duba cututtukan hankali, kuma likitan gundumarku yana iya rubuta takardar turawa.