Barin Taba a Lokacin Annobar Korona: Huhu Yana Iya Farfaɗowa

Tun ranar 27 ga Fabrairu, 2020, da aka tabbatar da mutum na farko mai cutar korona a Legas, al'amura suka canza mana. A watan Afrilu cutar ta ɓulla a Daura, aka rufe kasuwanni da wuraren sujada a jiharmu ta Katsina. Da hunturu ya shigo a ƙarshen 2020, sai ta sake tasowa karo na biyu. Mun koyi wanke hannu da sa takunkumi da ba da tazara. Amma akwai wata kariya da ba mu cika ambatonta a majami'a ba, wato barin shan taba.

Mun san dalilin shirun. A ikkilisiyoyinmu ana yi wa mai shan sigari kallon wanda ya ja da baya, saboda haka yakan sha a ɓoye, a bayan rumbu ko a gona, ya tauna goro kafin ya shiga sujada. Sai dai ɓuya ba ta hana hayaƙi yin ɓarnarsa. Gara mu yi maganar a fili, cikin ƙauna.

Abin da hayaƙi yake yi wa huhu

A cikin hanyoyin numfashinmu akwai wasu 'yan ƙananan gashi da ido ba ya gani. Aikinsu kamar na tsintsiya ne: dare da rana suna share ƙura da majina da ƙwayoyin cuta, suna turo su sama mu tofar. Hayaƙin taba yana sangartar da su, sai shara ta taru, ƙwayoyin cuta su sami wurin zama. A can ƙarshen hanyoyin kuma akwai miliyoyin ƙananan jakunkuna inda iska mai kyau take shiga jini. Hayaƙi yana yayyaga bangonsu a hankali. Sannan yana ɗauke da iskar nan mai guba, irin wadda ke kashe mutane idan an kunna janareta ko gawayi a rufaffen ɗaki. Ita takan kama gurbin iska mai kyau a cikin jini. Masana sun ƙirga sinadarai fiye da 7,000 a hayaƙin sigari, kusan 70 daga ciki suna jawo ciwon daji.

Mu mutanen Maska da Funtuwa da Malumfashi, huhunmu dama yana shan aiki: ga ƙurar hunturu, ga ƙaiƙayin sussukar dawa, ga ƙurar auduga, ga hayaƙin itace da na kara a madafa. Mai shan taba yana ɗora wa jakin da ya riga ya gaji wani kaya ne.

Ina haɗin taba da korona?

Korona ma huhu take nufa. A watan Mayu na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa binciken da masana suka duba ya nuna masu shan taba sun fi shiga tsananin ciwo idan cutar ta kama su. Haka kuma cututtukan da taba ke haifarwa, irin su ciwon zuciya da daɗaɗɗen ciwon huhu, suna ƙara haɗarin korona ta yi kisa. Ga kuma kai hannu baki a kai a kai, ga karɓa-karɓar kara ɗaya ko bututun shisha a majalisar samari, hanya ce buɗaɗɗiya ga cutar. Mu tuna fa, gadon asibiti mai iskar taimakon numfashi ba a kowane gari ake samunsa ba.

Me zai faru idan an bari?

A nan albishir yake. Bisa bayanin hukumar, minti 20 bayan karan ƙarshe, bugun zuciya da hawan jini sukan fara sauka. Cikin awa 12 iskar nan mai guba takan ragu a jini ta koma daidai. Tsakanin mako 2 zuwa 12 gudun jini yakan gyaru, huhu ya ƙara ƙarfi. Tsakanin wata 1 zuwa 9 tari da haki sukan ragu. Bayan shekara 1 haɗarin ciwon zuciya yakan koma kusan rabin na mai sha, bayan shekara 10 haka ma haɗarin dajin huhu.

Ba mu ce barin taba zai hana korona kama mutum ba, ba kuma duk ɓarnar da aka yi ce take gyaruwa ba. Amma dattijo mai shekara 60 ma yana da riba idan ya bari yau. Idan tari ya ɗan ƙaru a makonnin farko, kada a tsorata: tsintsiyar ce ta farfaɗo tana fitar da tsohuwar shara. Iyali ma suna da rabo, gama hayaƙin da wani ya busa yana kashe mutane fiye da miliyan 1 kowace shekara a duniya, waɗanda ba su taɓa sa kara a baki ba.

Yadda za a bari

Abin da ke ɗaure mutum shi ne sinadarin nikotin, wanda yake isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Idan an daina, sai fushi da ciwon kai da rashin barci su taso. Sun fi tsanani a makon farko, sukan lafa cikin makonni kaɗan. Wannan ba alamar raunin bangaskiya ba ce, jiki ne yake neman abin da ya saba.

Ka sa rana, ka faɗa wa matarka ko wani amini. Ka zubar da kwalin da ya rage da ashana. Ka lura da lokutan da ka saba kunnawa, ko bayan tuwon dare ko a teburin mai shayi, ka sauya zama. Idan sha'awar ta taso, mintoci kaɗan take yi ta wuce: ka sha ruwa, ka tauna asuwaki, ka tashi ka taka, ka yi addu'a. Kada ka koma ga taba gari ko shisha da sunan sauƙi, duk nikotin ɗin ne, kuma suna da nasu ciwon. Kuɗin da ka saba kashewa ka jefa a asusu, ka ga abin da zai zama kafin lokacin sayen taki. Ka tambayi likita ko akwai maganin da zai taimake ka. Idan ka faɗi, ka tashi ka sake sa rana. Da yawa sai da suka gwada sau da dama kafin su yi nasara.

Tarin da ya wuce mako 2, ko mai jini, ko mai zufar dare da rama, a je a yi gwajin tarin fuka, maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Zazzaɓi da rashin jin ƙamshi da sarƙewar numfashi kuwa, a hanzarta zuwa asibiti.

Rabon ikkilisiya

Dokar ƙasa ta 2015 ta hana sayar wa 'yan ƙasa da shekara 18 taba, saboda haka mu daina aiken yara sayen sigari. Dattawa da zumuntar mata da ta matasa, idan ɗan'uwa ya zo ya ce yana fama, mu rufa masa asiri, mu riƙa leƙa shi a makon farkon nan mai wuya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Numfashi kyauta ce da aka ba mu amana. Ubangiji ya ba mu ƙarfin kiyaye ta. Amin.