Wa Ya Hana Magoya Baya Bin Ƙungiyarsu Wasan Waje?

Tun kakar 2024, duk mai bibiyar ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka ya sha jin wannan ƙorafi: wai magoya bayan zamani ba su da kishi. Ƙungiya za ta fita wasan waje, a leƙa bayan bencinta, sai a tarar da 'yan tsiraru, yawanci iyayen 'yan wasa da tsofaffin ɗalibai mazauna garin. Masu ƙorafin sukan buga misali da jami'ar Kentucky, wadda mutanenta kan mamaye birnin Nashville da shuɗayen riguna duk lokacin gasar rukunin SEC, su ce haka ake nuna ƙauna.

Maganar tana ba ni haushi, domin ana zargin baƙo da ƙin shiga ɗakin da mai gida ya kulle.

A ɗauki zauren Cameron na jami'ar Duke, wanda aka buɗe a 1940. Kujerunsa 9,314 ne kacal. Ɗaliban Duke da kansu sai sun kafa tantuna sun kwana a waje na makonni cikin hunturu kafin su samu shiga wasan da za a yi da jami'ar North Carolina, al'adar da ta faro tun 1986. Tsakanin jami'o'in biyu bai kai kilomita 20 ba, don haka kuɗin mota ba shi ne matsala ba. Mazauni ne babu. Mai gida ya riga ya raba kujeru ga ɗalibansa, da masu tikitin shekara, da attajiran da ke zuba wa sashen wasanni kuɗi. Ɗan abin da aka ware wa baƙi kuwa, kafin a sallami iyalan 'yan wasa da na masu horarwa ya ƙare. Kamar gidan biki ne da dangin amarya suka cika tabarmi tun da hantsi, sannan a zo ana tsegumin dangin ango ba su zauna ba. Ko motar haya da direba ya cika da 'yan garinsu tun daga gida, ya iso tasha yana mitar babu fasinja. Gasar Nashville da ake yabon Kentucky a kanta, ai a zauren da ba na kowa ba ake yin ta, tikiti na kasuwa ne, mai kuɗi ya saya.

Sai kuma nisa, wanda shugabanni suka ƙirƙiro da hannunsu. A 2024 tsohon rukunin Pac-12 na yammacin ƙasar ya watse, jami'o'i 10 cikin 12 suka fice. UCLA da USC da Oregon da Washington suka koma Big Ten, rukunin da ya ƙulla cinikin talabijin na sama da dala biliyan 7 a 2022. Stanford da California, da ke gaɓar tekun Pasifik, suka faɗa ACC, rukunin da sunansa ma na gaɓar Atlantika ne. Don kuɗin ƙwallon ƙafar Amurka aka yi wannan ƙaura, aka ja ƙwallon kwando a baya kamar raƙumi da akala. Yau idan UCLA za ta kara da Rutgers a jihar New Jersey, tafiyar kusan kilomita 4,000 ce, da bambancin agogo na awa uku, kuma sau da yawa a tsakiyar mako ake saka irin waɗannan wasanni saboda jadawalin gidajen talabijin. Wane ɗalibi ne, mai lacca da safe, zai sayi tikitin jirgi don wasan minti 40?

Ƙananan jami'o'i kuwa nasu ya fi muni. Manya kan biya su kuɗi su zo a doke su a gida, su kuma da kuɗin suke riƙe sashen wasanninsu. Texas Southern ta buɗe kakar 2017 zuwa 2018 da wasanni 13 a jere, duk a waje, duk ta sha kashi. Daga baya ta ci kofin rukuninta, ta kuma ci wasanta na farko a gasar ƙasa ta watan Maris. Ba wanda zai ce mutanenta ba sa son ta don ba su yi ta yawo a bayanta daga jiha zuwa jiha har ƙarshen Disamba ba.

Shin ihun magoya baya ma yana da tasiri? Yana da shi, amma ba ta inda ake zato ba. A littafin Scorecasting na 2011, Tobias Moskowitz da Jon Wertheim sun nuna cewa a gasar ƙwararru ta NBA, ɗan wasa yana jefa ƙwallon fanareti daidai wa daida a gida da waje, duk ihu da kaɗa hannuwan da ake yi masa. Wanda taron ke tanƙwarawa shi ne alƙalin wasa, a hukuncin da ke da shubuha. Mu da muka ga Kano Pillars ta shekara 12 ba a doke ta a gida ba a gasar lig, har sai da Nasarawa United ta karya lagon a 2015, ba sai an yi mana dogon bayani kan nauyin taron gida ba. Mutum ɗari a lungun sama ba za su rinjayi dubu tara da ke kan kunnen alƙali ba.

Duk jami'ar da ke son ganin mutanenta a wasan waje, hanyar a fili take: ta nemi a ƙara wa baƙi kaso a yarjejeniyar rukuni, a mai da manyan wasanni ranar Asabar, a sa wa ɗalibai bas kyauta zuwa garuruwan kusa. Shugabannin da suka karɓi kuɗin talabijin suka sa hannu a jadawalin, su ya kamata a tambaya, ba ɗalibin da ke kallo a waya daga ɗakin kwanansa ba.