Daga Damana zuwa Yamai: Abin da gwajin jini ke faɗa kan kumburin hanji

Hoton takardar gwaji ne ya shigo ta WhatsApp. Ɗan Kurfey da ke ci-rani a Abijan ko Legas ya buɗe, ya ga "CRP" da "VS" da lambobi a gabansu. Sai saƙon murya daga gida: ƙanwarsa ta shafe watanni tana gudawa da jini, maganin atuni ya ƙi ci, a turo kuɗi.

Idan ciwo irin wannan yana lafawa yana dawowa, likita kan yi zargin kumburin hanji mai daɗewa. Kashi biyu ne: cutar Crohn, wadda aka bayyana a New York a 1932, mai iya kama ko'ina daga baki har dubura, da wadda ke gyambata babban hanji kaɗai. Tabbatar da su sai an leƙa hanjin da kyamara an ɗebo tsoka, aikin manyan asibitocin Yamai, kusan kilomita 180 daga Filinge. Mutumin Damana, hedkwatar Tondikandiya, ba zai iya wannan zirga-zirga duk wata ba, ga kuɗin mota ga rashin tsaro. Shi ya sa gwajin jini ke da daraja.

CRP sinadari ne da hanta ke zubawa cikin jini idan wani wuri ya kumbura. Yakan fara hawa cikin sa'o'i kaɗan, kuma da magani ya kama, sai ya sauka cikin 'yan kwanaki. Yawancin ɗakunan gwaji na ɗaukar ƙasa da miligiram 5 a lita a matsayin lafiya lau. VS kuwa, wato ESR a takardun Najeriya, yana auna saurin kwanciyar jajayen ƙwayoyin jini cikin sa'a guda. Ya fi araha amma yana da nawa. Ƙarancin jini da juna biyu na ɗaga shi, amosanin jini na danne shi.

Sai dai lambar ba ta faɗin inda ciwon yake. A ƙasar Kurfey, zazzaɓin cizon sauro da damina, taifot, ko ƙurji a ƙafa duk suna ɗaga CRP. Akwai kuma masu gyambon babban hanji da nasu ke zama ƙasa alhali hanjin na ci gaba da lalacewa. Mafi haɗari shi ne tarin fuka na hanji, mai kama da Crohn matuƙa. Wanda ya ga lamba ta hau ya sayi prednisolone a kantin magani, yana iya kwantar da garkuwar jikinsa cutar ta bazu.

Don haka likitoci ba sa karanta takarda ɗaya ita kaɗai. Suna haɗa ta da ta watan jiya, da yawan fita bayan gida, da zazzaɓi, da gwajin kashi. Tun 1955 likitocin Oxford, Truelove da Witts, suka kafa ma'aunin da ake bi har yau: gudawa da jini sau 6 ko fiye a rana, tare da zazzaɓi, saurin bugun zuciya, ƙarancin jini ko VS sama da 30, ciwo ne mai tsanani. Mai wannan hali gadon asibiti yake buƙata a ranar.