Yadda A Ke Ajiye Jirgin Iska Lokacin Sanyi

A ƙasar Amurka akwai wani babban tafki, sunansa Mishigan. Tsawonsa mil 307, faɗinsa mil 118. In mutum ya tsaya a wannan gaɓa ba ya hangen waccan. Ruwansa ba na gishiri ba ne. A bakin tafkin nan akwai wani babban birni, Shikago. Mutanen birnin da yawa suna da jiragen ruwa irin waɗanda iska ke turawa. Su za mu riƙa kira jiragen iska.

Jirgin iska yana da dogon ginshiƙi a tsakiya. A jikinsa a ke ɗaura wani babban zane mai kusurwa uku. In iska ta bugi zanen, sai jirgi ya tafi. Yawancinsu suna da ɗan ƙaramin inji kuma, domin ran da iska ta kwanta. A cikin jirgin akwai ɗaki, da gado, da murhu, da tankin ruwan sha, har da makewayi. Ku ɗauka tsawon jirgin da mu ke magana a kansa ƙafa 30 ne.

To, wata shida kaɗai a ke morar jirgin nan a shekara. A kan buɗe matsayar jirage ran 1 ga Mayu, a rufe ran 31 ga Oktoba. Daga nan sai sanyi. Ba irin sanyin hunturun da mu ka sani ba. A watan Janairu na 1985 ma'aunin zafi a Shikago ya sauka digiri 33 ƙasa da inda ruwa ke daskarewa. A watan Maris na 2014 kuwa, in aka raba fuskar tafkin kashi goma, fiye da kashi tara ƙanƙara ta rufe.

Ga abin da ya kamata ku riƙe. Yawancin abubuwa in sun yi sanyi tsukewa su ke yi. Ruwa dabam ne. In ya daskare kumbura ya ke yi. Galan 11 na ruwa ya kan zama kusan galan 12 na ƙanƙara. In bai sami wurin kumbura ba, sai ya nema wa kansa da ƙarfi. Ya kan fasa kwalba. Ya kan tsaga bututun tagulla. Har cikin inji na baƙin ƙarfe ya kan tsaga. Saboda haka maƙiyin jirgi a watannin nan shi ne ruwan da ya sami wurin kwanciya. Duk aikin da za ku ji a nan, na hana ruwa kwanciya ne.

Aikin farko shi ne a fid da jirgi daga tafki. Waɗansu wuraren ajiya suna can cikin gari, a bakin Kogin Shikago. Ginshiƙin jirgi kuwa ba ya wucewa ƙarƙashin gada. Don haka a kan sa ranaku, Laraba da Asabar, jirage su taru su shiga kogin a jere. Gadojin irin masu buɗewa ne. A kan ɗaga guda 27, ɗaya bayan ɗaya, motoci na tsaye suna jira. Mai saurin zuwa ofis ba ya murna da ranar nan.

In an isa, sai wani babban injin ɗaga kaya ya rungumi jirgin da ɗamara biyu, ya fito da shi tudu. A wanke gindinsa. A ɗora shi a kan katako, a tokare shi da dirkokin ƙarfe dama da hagu, a haɗa dirkokin da sarƙa. Ba a ajiye shi a kwance daidai. A kan ɗan ɗaga goshinsa, domin ruwan da ya zuba a kansa ya gangara baya ya fita ta magudana.

Sa'an nan a koma kan inji. Injin jirgi ruwan tafki ya ke zuƙowa ya sanyaya jikinsa, ya fitar ta bututun hayaƙi. Ko an kashe shi, akwai sauran ruwa a lungunansa. Ba ya tsiyayewa duka. Dabarar ita ce a cire tiyon da ke zuƙo ruwa, a tsoma bakinsa cikin bokiti cike da maganin hana daskarewa. A ta da inji. Wani ya tsaya baya yana duban bututun hayaƙi. Da fari farin ruwa zai fito. In ya ga ruwan ya koma ja-ja, magani ya kori ruwa ke nan, sai a kashe inji.

Ku lura, maganin nan iri biyu ne. Akwai irin wanda a ke zuba wa mota. Shi guba ne, ga shi da zaƙi, kare ya kan lasa ya mutu. Akwai kuma ja-jan nan, wanda aka yi domin bututun ruwan sha. Shi ne na jirgi. Da shi a ke bin famfon ɗaki da na makewayi, bayan an tsiyaye tanki sarai.

Sauran ayyukan ba su da wuyar ganewa. A juye baƙin mai a zuba sabo, don tsohon yana cin ƙarfe in ya daɗe a kwance. A cika tankin mai, domin tankin da ba a cika ba ya kan yi gumi daga ciki, gumin nan kuwa ruwa ne. A cika batir da wuta, gama wanda ya mutu shi ke saurin daskarewa. A kwashe katifa da abinci. A sauke zanen iska, a wanke, a shanya har ya bushe ƙayau. In aka naɗe shi da laima, kafin bazara funfuna ta ɓata shi.

Saura rufi. Jirgin da aka bari a buɗe, dusar ƙanƙara za ta taru a kansa. Da rana ta ɗan narke, ruwan ya shiga wata 'yar tsaga wadda ido ba ya ko gani. Da dare ya daskare, ya buɗa tsagar kaɗan. Gobe ma haka, jibi ma haka. Kafin sanyi ya wuce, tsagar da allura ba ta shiga ta zama ta shigar yatsa.

Waɗansu su kan biya a naɗe musu jirgi da farar leda, a gasa ta da wuta har ta kama jikinsa. Tana tare ruwa da kyau. Amma sanyi ɗaya ta ke yi, a yayyage ta, baɗi a sake biya. Tamfol kuwa ya kan yi shekaru da yawa, iska kuma tana ratsa shi. A ganina tamfol ya fi. Illarsa ɗaya, tsada, gama kowane jirgi da nasa fasali, sai an auna an ɗinka masa. Shi ya sa mutane da yawa su ke zama telolin kansu a gida.

Mai ɗinki ba ya jefar da tsohon tamfol. Shi ne magwajinsa. Ya kan farke ɗinkin a hankali, ya rubuta lamba a kowane ƙyalle, ya sa alama inda wannan ya haɗu da wancan. Sa'an nan ya shimfiɗa sabon yadi a tsakar ɗaki, ya ɗora tsohon a kai, ya zana da alli. Ya kan bar inci guda a gefe domin ɗinki.

Ga lissafi, ku gwada a allonku. Faɗin yadin inci 60 ne, watau ƙafa 5. Jirgi ƙafa 30. Ƙyalle 6 ke nan, a ƙara 1 saboda abin da ɗinki zai ci, ya zama 7. In kowane ƙyalle zai tashi daga wannan gefe ya haye tsororuwa ya sauka wancan da yadi 5, to, yadi 35 za a saya.

A da, zanen jirgi na auduga ne ko na lilin. A 1941 aka ƙago wani zare a Ingila wanda ba daga gona ya fito ba, aka sa masa suna Terylene. A Amurka ana ce masa Dacron. Tun daga shekarun 1950 shi ya kori auduga wajen zanen iska. A 1961 kuma aka fito da wani yadi, Sunbrella, mai jimre wa rana. Irin waɗannan yadi in an yanka su da almakashi bakinsu ya kan zare. Don haka da wuƙa mai zafi a ke yanka su, ta narkar da bakin ta liƙe shi.

Amma ga abin mamaki. Ba yadi ne ke fara mutuwa ba, zare ne. Rana ta kan cinye zaren ɗinki tun yadin yana da sauran ƙarfi. Ran da babbar iska ta zo, sai ɗinkin ya farke daga wannan kai zuwa wancan. Zaren auduga ruɓewa ya ke yi. Zaren ɗinkin riga kuma ya yi siriri. Sai a nemi mai kauri na Dacron, wanda aka yi domin rana. Wanda ya yi rowar kuɗin zare, ya yi asarar kuɗin yadi 35.

Allura ma haka. Ta ɗinkin riga lamba 14 ce. Ta tamfol 18 ko 20. Tsohon keken ɗinki na ƙarfe ya kan iya ninki uku ko huɗu in an bi shi sannu. A kusurwa, inda ninki ya yi yawa, sai a juya kan keken da hannu. Yadin yana da santsi, na sama ya kan zame ya bar na ƙasa. Saboda haka a kan fara manna su da wani siririn tef mai danƙo ciki da waje. Ga kuma nauyi. Sai a naɗe yadin kamar tabarma, wani ya riƙe yana miƙo wa mai ɗinki.

Kada a matse ɗinki. Tela ya saba jin cewa ɗinki ƙanana shi ne mai kyau. A tamfol ba haka ba ne. Kowace huda ƙofar ruwa ce. In hudar ta yi kusa da juna kuma, yadin zai yage kamar yadda kan sarki ke yagewa ta wajen 'yan ramukansa. Taku huɗu ko biyar a inci ɗaya ya isa. A bi ɗinkin sau biyu, layi kusa da layi. Inda ƙyalle biyu su ka haɗu a kan gangara, na sama ya hau kan na ƙasa, kamar yadda a ke jera kwanon rufi. In aka juya, an ɗinka wa ruwa aljihu ke nan.

Duk inda tamfol zai goga ƙarfe, a yi masa maho tun yana sabo, ninki biyu, ko a sa fata. Inda keke ya kasa, sai hannu. Allurar hannun kamar basilla ta ke, bakinta mai kusurwa uku. A shafa wa zaren kakin zuma. Ana tura allurar da wata fata da a ke ɗaurawa a tafin hannu, mai ɗan ƙarfe a tsakiya. A kalmashe baki, a buga zobban tagulla domin igiya. A bar 'yan tagogi gaba da baya masu murfi, iska ta shiga ta fita. In ba haka ba, gumi zai taru a ciki, ruwan da aka kora ya dawo ta bayan gida.

Ba a shimfiɗa tamfol a kan jirgi kai tsaye. Sai an yi masa tanka da katako ko bututu, mai tsororuwa kamar jinka, domin dusar ƙanƙara ta zame. A ja shi ya miƙe sosai, kada ya yi kwari. Igiyoyin kuwa a zagaya da su ta ƙarƙashin jirgi, a ɗaure da na wancan gefe. Faufau ba a ɗaure su a jikin dirkoki. In iska ta shiga tamfol, ya zama zanen iska, ya fizge dirka, jirgi ya faɗi. Sau da yawa ba ya faɗuwa shi kaɗai, gama jiragen a jere su ke, kusa da kusa.

Ko bayan an rufe, mai jirgi ba ya zama gida har bazara. Duk ran da aka yi dusar ƙanƙara mai yawa, sai ya ɗauki tsani da tsintsiya mai laushi ya tafi. Ya share saman tamfol, ya ƙara jan igiyar da ta saki, ya duba ko dirka ta motsa. Sa'an nan ya shiga ciki da tocila, ya ɗaga katakon daɓen ɗaki, ya leƙa can ƙasa ko ruwa ya taru.