Me ya kai Ɗan Ibro kurkuku a 2008?

Barkwanci ma yakan ja wa mai shi ɗauri. A 2008 kotun tafi-da-gidanka da ke aiki da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta yanke wa ɗan wasan barkwanci Rabilu Musa Ɗan Ibro ɗaurin wata biyu kan fim ɗin Ibro Aloko. Abin ban dariya, tsohon gandiroba ne.

Lokacin kuwa da zafi. Bayan badaƙalar bidiyon 'yar fim Hiyana a 2007, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta miƙa hukumar ga Abubakar Rabo Abdulkarim, wanda ya ɗaure wa 'yan fim tamau. A shekarar aka ɗaure ɗan fim Adam A. Zango saboda bidiyon waƙoƙinsa na Bahaushiya.

Tuhumar Ibro ta haɗa da rashin rajistar kamfani. Da yawa daga 'yan fim ba su yarda nan ta tsaya ba. Sun ce rawa da shaguɓen cikin fim ɗin ne suka ɓata wa mahukunta rai, kuma da wuya a ce ba su da hujja.

Sai dai ikon hukumar bai wuce iyakar Kano ba. Mai shagon kaset a Daura, cikin Jihar Katsina, dokar ba ta hau kansa ba.