Dokar Hana Sayar da Giya Ran Lahadi

Yau ina so in ba ka labarin wata doka wadda ta daɗe a ƙasashen Turawa, wato dokar hana sayar da giya ran Lahadi. Za mu duba inda ta samo asali, da abin da ta iya yi, da abin da ya gagare ta.

Tushen maganar yana cikin Littafin Fitowa, sura 20. A can Allah ya umurci Isra'ilawa su yi aiki kwana shida, su huta a rana ta bakwai, wato Asabar. Hutun nan ba na maigida kaɗai ba ne. Bara yana da rabo a ciki, haka baƙo, har da dabbar gida. Bayan da Yesu Almasihu ya tashi daga matattu a rana ta fari ga mako, masu binsa suka riƙa taruwa domin sujada a ranar, wato Lahadi. Amma a zamanin nan Lahadi ranar aiki ce kamar sauran ranaku. Sai a shekara ta 321 Konstantin, Sarkin Rum, ya ba da doka cewa alƙalai da mutanen birni da masu sana'a su huta ran Lahadi. Manoma kuwa ya bar su su yi aikin gona, don kada lokacin shuka ya wuce su.

Ka lura da abu guda. Littafi Mai Tsarki ya tsauta wa masu buguwa a wurare da yawa, amma bai ware rana ɗaya ya ce kada a sayar da giya a cikinta ba. Wannan doka mutane ne suka yi ta daga baya.

A Ingila, wajen shekara ta 1600, akwai waɗansu masu bi da a ke kira Furitan. Su suka koyar cewa Lahadi ita ce Asabar ta Kirista, dole a kiyaye ta tun daga safe har dare, ba ciniki, ba wasa. Koyarwarsu ta yi ƙarfi ƙwarai. A shekara ta 1677 majalisar Ingila ta hana mutane yin sana'arsu ran Lahadi, sai aikin tilas da na jinƙai. Wanda ya karya, tararsa sule 5. Turawan da suka ƙaura zuwa Amurka kuma suka kafa irin waɗannan dokoki a can.

To, yaya aka yi maganar ta komo kan giya? Bari mu je Wales, wata ƙasa mai duwatsu a yamma da Ingila. Bayan shekara ta 1800 mutane da yawa suka bar gonaki suka shiga haƙar kwal da narkar da ƙarfe. Aikin yana da wuya ƙwarai. A wurare da yawa ran Asabar a ke biyan lada, Lahadi ce kaɗai ranar da lebura ba ya aiki. Sai mutum ya karɓi kuɗinsa ya zarce gidan giya. Kafin Litinin aljihu ya bushe. Matarsa tana gida da yara, ba kuɗin cefane, ba kuɗin haya.

Yawancin masu zuwa sujada a Wales a lokacin ba 'yan ikilisiyar Ingila ba ne. Methodist ne, da Baptist, da waɗansu irinsu, masu taruwa a ƙananan majami'u. Fastocinsu da dattawansu suna ganin wannan wahala kowane mako. Saboda haka suka tashi da dalili biyu. Na ɗaya, a girmama ranar Ubangiji. Na biyu, a ji tausayin mata da yara. Suka yi ta wa'azi, suka yi ta aika takardun roƙo zuwa majalisa a Landan. Skotland ta riga su, gama tun 1853 aka yi dokar rufe gidajen giya ran Lahadi a can. A 1878 aka yi wa Ailan tata, ban da manyan birane 5. A 1881, zamanin da Gladstone ya ke Firayim Minista, aka yi wa Wales tata dokar.

Masu bi suka yi murna. Amma ka ji abin da ya biyo baya. Dokar ta bar wa matafiyi hanya, gama an ce wanda ya sha tafiya ba za a hana shi abin jiƙa maƙogwaro ba. Matafiyi kuwa a wurin doka shi ne wanda ya yi nisan mil 3 daga inda ya kwana. Sai mutane suka riƙa takawa mil 3 zuwa garin maƙwabta, su ce su matafiya ne, su sha, su komo gida suna tangaɗi. Waɗansu suka kafa kulob, domin dokar ba ta shafi kulob ba, tun da ya ke 'yan ƙungiya ne kaɗai su ke shiga. Waɗansu suka mai da ɗakunansu wurin sayarwa a ɓoye. Mutanen birnin Cardiff kuwa sai su haye gada su shiga Monmouthshire, inda dokar ba ta kai ba tukuna. Ƙorafi ya yi yawa har gwamnati ta naɗa masu bincike a 1889. Duk da haka aka bar dokar a tsaye.

Da zamani ya sake, masu zuwa sujada suka ragu. A 1961 aka yi sabuwar doka: kowane yanki na Wales ya jefa ƙuri'a, ko a buɗe ko a rufe, ana iya sake ƙuri'ar bayan kowace shekara 7. A karo na fari yankuna 8 suka ce a rufe. Sannu sannu suka yi ta raguwa, har ya rage yanki ɗaya tak, sunansa Dwyfor. A 1996 nan ma aka buɗe. Daga 1881 zuwa 1996, shekara 115 ke nan.

A Amurka ma haka abin ya tafi. A 1961 wata ƙara daga jihar Maryland ta kai gaban Kotun Ƙoli. Masu ƙarar suka ce hana ciniki ran Lahadi ɗora wa mutane addini ne. Alƙalai suka yarda cewa daga addini dokokin suka fito, amma suka bar su, suka ce amfaninsu ya zama na ba kowa rana ɗaya ta hutu. Duk da haka jihohi suka yi ta sassautawa. Connecticut ta yarda kantuna su sayar da giya ran Lahadi a 2012, Minnesota a 2017, Indiana a 2018.

Ɗan'uwana, mene ne za mu koya a nan? Kada mu rena mutanen da suka nemi dokar. Ƙauna ce ta sa su, ba a kuwa rasa gidan da yara suka ci abinci saboda ƙofar nan tana rufe ba. Doka tana da amfani, tana kāre marar ƙarfi. Amma mutumin da ya taka mil 3 don ya sha ya nuna mana iyakarta. Gwamnati ta iya sa kwaɗo a ƙofa, ba ta iya cire sha'awa daga zuciya. Da bangaskiyar mutane ta yi sanyi kuma, dokar da bangaskiya ta haifa ba ta iya tsayawa ita kaɗai ba.

A cikin Markus sura 2, Farisiyawa suka zargi almajiran Yesu domin sun zāgi hatsi ran Asabar. Yesu ya nuna musu cewa don amfanin ɗan adam Allah ya ba da ranar. Kyauta ce. Wanda ya san kyauta ce ba ya bukatar ɗan sanda ya tsare masa ita.

Wataƙila a garinku ba wanda ya ke rufe gidan giya ran Lahadi. Ba mai hana ka shiga. To, ladan da ka sha wahala kwana shida ka samu, ina za ka kai shi? Iyalinka suna jiranka. Idan ka yi ta ƙoƙarin bari ka kasa, kada ka fid da zuciya. Ka faɗa wa Yesu gaskiyar halinka cikin addu'a, gama shi ne mai ba da sabuwar zuciya. Ka nemi wani dattijo mai bi wanda ka amince da shi, ka gaya masa, ku tafi sujada tare ran Lahadin nan.

Allah ya ba ka hutu na gaskiya, kai da gidanka. Amin.