Tsargiya: Ku Lura da Yaranku a Bakin Madatsun Ruwa na Kuje

Da zarar damina ta ɗauke a ƙarshen Oktoba, manoman ƙauyukan Kuje kan koma ga ruwan da aka tare a rafuka da ƙananan madatsu na ƙasa. Da shi ake noman rani, ake shayar da dabbobi, ake wanki. Wani alayyafon da ke cikin miyarku ma da shi aka yi masa ban ruwa. Amma a irin wannan ruwa mai kwanciya ne tsargiya ke yaɗuwa, kuma Nijeriya na sahun gaba a duniya wajen yawan masu ɗauke da ita.

Idan mai cutar ya yi fitsari a ruwan, ƙwayayenta sukan ƙyanƙyashe su shiga jikin ƙananan katantanwa da ke maƙale a ciyayin gefe. Bayan 'yan makonni sai tsutsotsin da ido ba ya gani su fito. Ba sai ɗanku ya sha ruwan ba. Wanka, iyo, kamun kifi ko tsoma ƙafa sun isa, domin ta fata suke shiga.

Alamar da za ku fi gani ita ce jini a ƙarshen fitsari, wata biyu zuwa uku bayan shiga ruwan. Wasu na ɗauka alamar balaga ce ga yaro namiji. Ba haka ba ne. Idan aka bar ta, tana jawo ƙarancin jini da koma baya a karatu, tana lalata mafitsara da ƙoda, har takan kai ga sankarar mafitsara. Ga 'ya'ya mata kuwa, tana iya taɓa al'aura da mahaifa ta kawo matsalar haihuwa.

Maganinta Praziquantel ne, ana auna shi da nauyi ko tsawon yaro, kuma a sha bayan an ci abinci. Ku kai yaron Babban Asibitin Kuje ko cibiyar lafiya mafi kusa a gwada fitsarinsa. Idan masu rabon maganin sun zo makaranta, kada ku hana.

Maganin ba ya hana sake kamuwa, don haka in dole ne a yi wanka da ruwan madatsa, a ɗebo a ajiye shi kwana 2 ko a tafasa. Ku hana yara fitsari da bahaya a bakin ruwa. Idan suka dawo hutu daga ƙauye, ku tambaye su inda suka yi wanka.